Ƙuri'ar Madam Rifkatu

Ba na jin zan manta da wata Laraba cikin hunturu, lokacin ina direban mayor a wata council, wato ƙaramar hukuma, da ke gabashin London. Ku da kuka zo aikin nan kwanan baya, ku sani mayor a nan ba gwamna ba ne. Kansiloli ne ke zaɓen ɗayansu ya riƙe kujerar shekara guda, ya sa sarƙar muƙami, ya jagoranci zama. Ba shi da ƙuri'a mai nauyi sai an yi kunnen doki.

A shekarar, Madam Rifkatu ce a kai, mutuniyar Jos, tsohuwar nas, mai tafiya kamar ana jiranta a ɗakin tiyata. Jam'iyyarta ta kawo batun rufe gidan da tsofaffi ke haɗuwa su ci abincin rana. Kowa ya san za a yi kunnen doki, kuma an riga an gaya mata: in ta saɓa, ba za a sake tsayar da ita takara ba.

A mota na kasa yin shiru. Na ce, "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri ki bi su. Mu baƙi ne, ba ma ja da masu gida."

Ta dube ni ta madubi. "Malam Sale, wa ya ce maka ni baƙuwa ce? Ni na yi nursing rabin tsofaffin nan. Ka duba hanya, kada ka yi missing junction."

A zauren council aka ƙirga hannuwa, aka yi daidai. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallo. Ta gyara gilashinta, ta ce gidan ba zai rufu ba, sannan ta kira batu na gaba kamar ba abin da ya faru.

'Yan jam'iyya sun cika alkawari, ba su ƙara tsayar da ita ba. Na ji zafin haka ƙwarai. Amma a aikin nan na tuƙa mayor da yawa, kuma daga ranar na gane wasu kujerar ce ke riƙe su, wasu su ke riƙe ta. Har gobe in aka tambaye ni wa na yi wa aiki, sunanta nake fara faɗa, da ƙarfi.