Barau Mai Amya da Tsamiyar Datti

A Farin Dutse ba wanda ya kai Barau Mai Amya sanin kan bishiya. Shekara arba'in yana ɗora amya a kan ɗorawa da tsamiya, daga nan har Kwandiko, bai taɓa faɗowa ba. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Irinsu kuwa duniya ba ta raga musu.

'Yarsa ɗaya tilo, Murja, aure ya kai ta Fatakwal, shekara huɗu rabonsa da ita. Da ta haihu aka yi masa takwara, ta aiko masa da babbar waya don ya riƙa ganin yaron. To amma sabis ɗin garin ko murya da ƙyar yake ɗauka, balle hoto mai motsi. Barau ba shi da wani buri sai ganin fuskar yaron nan.

Ana nan sai maƙwabcinsa Alhaji Datti, dillalin riɗi, ya sayo na'urar intanet, ya ɗauko mai haɗawa daga Birnin Kudu. Aka gwada zaure, aka gwada kan soro, shiru. Mai haɗawa ya ce sai dai ƙololuwar tsamiyar ƙofar gida, amma shi ba zai hau ba, don akwai amyar Barau a can.

Datti ya ce, "Malam Barau, hau ka ɗaura mana, in ba ka lambar sirri. Daga tsakar gidanka za ka ga jikanka."

"Alhaji, ai zuma ba a je mata da rana tsaka. A bari rana ta faɗi in yi hayaƙi."

"Baƙon nan mota zai bi. Ko dai tsufa ne ya zo?"

Barau ya san ƙa'idar sana'arsa sarai, amma ya rataya na'urar a wuya ya kama bishiya. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, sai dai wa zai kira son ganin jika kwaɗayi? Ya wuce amyar a hankali, ya kai ƙololuwa, ya fara ɗauri. Daga ƙasa Datti ya ce sabis ya kawo. Daidai nan igiyar wutar na'urar da ake ja ta gogi bakin amya, zuma ta tashi.

Bai saki ba sai da ya gama ƙullin ƙarshe, ƙudan zuma sun rufe masa fuska. Datti ya ja baya, ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Barau ya laluba reshe, bai samu ba. Ƙugunsa ne ya fara isa ƙasa.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma Barau da hawa bishiya sai a labari. Amyar ma Datti ya sa aka ƙone ta. Bayan mako guda Barau ya aiki matarsa Kubra ta karɓo lambar sirri. Datti ya ce in mutane suka yi yawa a kai abin nauyi yake yi, a gaida mai jiki. Ko kunya bai ji ba.

Ashe abu na farko da ya bi ta na'urar nan shi ne bidiyon faɗowar Barau. Wani ya ɗora masa kiɗa, ya shiga duniya.

Ran wata Juma'a da hantsi Murja ta kira, muryarta tana yankewa.

"Baba, na gan ka," ta ce, tana kuka. "Maƙwabciyata ce ta nuna mini. Wallahi sai da na yi dariya kafin na gane rigar da na aiko maka."

Kunya ta kama Barau, har ta fi ciwon ƙugun. Can ya ce, "Ba komai, Murja. Shi takwaran nawa, da wa ya yi kama?"

Kafin ta amsa sabis ya ɗauke.