Gwaggo Hansai da Kuɗin Mai Shebur

Duk wanda ya zauna da Gwaggo Hansai ta Durun ya san ba a taɓa jin ta ce "ban sani ba". Ko sau ɗaya! Baƙo sai ya ɗauka jin kai ne, amma mu 'yan gida mun san dalili: sunan mijinta Sani. Matan zamanin da duk suna jin kunyar sunan miji, sai dai ita Gwaggo ta kai abin inda ba a kai shi. Ba sunan kaɗai ta bari ba, har duk kalmar da ta yi kama da shi. Ka tambaye ta ina akuya ta shiga, sai ta ce, "Labari bai iso ni ba." Garin Masanawa kuwa har ta koma ga Allah "garin masu ilimi" take ce masa. Shi mijin, da yake leburan gyaran hanya ne, ta raɗa masa Mai Shebur.

Ni ɗan ƙaninta ne, ina koyarwa a firamare a Gwarzo, don haka ba ni da suna a bakinta sai Ticha. Na taɓa tsokanarta na ce, "Gwaggo, ke ba kya da-na-sani a rayuwa?"

Ta ce, "Ina yi mana, ɗan nema. Faɗa ne ba na yi."

Lokacin ostarati, da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka sallami Mai Shebur daga aiki. Abinci ya yi wuya, ya jinginar da gonarsa ta bakin rafi ga wani attajirin Kabo, a kan in gwamnati ta biya shi kuɗin sallama zai fanshe ta. Ya yi ta zarya Kano har takalminsa ya cinye, ciwo ya kwantar da shi, ya rasu bai ga ko kwabo ba. Daga nan Gwaggo ta ɗaure ciki, ba ta kuma kwance ba. Tsinken ashana ɗaya da reza take raba shi biyu. Na ce mata, "Haba Gwaggo, ai ostarati ya wuce tun tuni."

Ta ce, "Da zai shigo a rediyo aka faɗa. Kai ka ji an faɗi fitarsa?"

To, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a attajirin ya rasu. Magadansa suka aiko cewa za a raba gado, in ba a kawo kuɗin jingina kafin ruwan farko ba, gona ta shiga lissafi, kuma har akwai mai saye. Hankalina ya tashi. Na haɗa 'yan'uwa muka yi karo-karo, na kai mata a ƙulle a leda. Ko taɓawa ba ta yi ba.

"Mayar musu. Ba na noman gonar sadaka. Guminsa ya jinginar, guminsa zai fansa."

"Gwaggo, gumin nan yana hannun gwamnati shekara goma sha wani abu!"

"To je ka karɓo. Me aka kai ka makaranta ka koyo?"

Wallahi kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Ko a aji nake, sai in leƙa taga ina duba gabas ko hadari ya taso. Ana cikin haka wani abokin aikina ya ce gwamnatin jiha ta fito da sunayen tsofaffin ma'aikata waɗanda haƙƙinsu ke kwance ba a zo an karɓa ba, an liƙa a sakatariyar Kabo. Na hau babur ko hula ban tsaya ɗauka ba. Na bi takardun nan da yatsa, layi bayan layi, sai ga shi can ƙasa kusa da inda gara ta fara ci: Sani Durun, lebura.

Na zata Gwaggo za ta yi guɗa. Ina! Kallona ta yi sama da ƙasa.

"Gwamnati ce take neman mutum ta ba shi kuɗi? Ticha, tarko ne. Yanzu fa Shari'a ake. In aka zo aka ce ba namu ba ne, hannun wa za a yanke, nawa ko naka?"

Sai da na ɗauko limamin unguwarsu. Ya zauna a zaure ya yi mata bayani cewa haƙƙin mamaci ne, halas ne, barinsa ma shi ne laifi. Ta ce to kuɗin da ya daɗe a ajiye, ba a zuba masa ruwa ba? Na ce na tambaya, yadda aka rubuta shi tun farko haka yake, ko sisi bai haihu ba.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, mun tsira daga riba." Can kuma ta ce, "Amma fa sun cuce mu."

Sai maganar takardu. Aka ce a zo da takardar ɗaukar aiki. Gwaggo ba ta karatun boko, amma ba ta taɓa yar da takarda ba, sai dai ta ba ta aiki. Muka zazzage kwalla bakwai. Rasiɗin haraji an naɗe allura da shi, katin asibiti ya zama murfin kwalbar man shanu. Takardar da muke nema kuwa, a gindin kwanon daddawa muka same ta, an shimfiɗa. Rubutun na nan lafiya lau. Warin ne dai, ko a jaka na sa ta sai mutane sun waiwayo.

Ranar Alhamis ce ranar ƙarshe ta tantancewa a Kano. Muka hau mota a Kabo, ta ƙi biyan kuɗin kujera guda, wai ita ba ta cika kujera ba, a cire mata kwata. Na biya a ɓoye. Muka bi layi tun hantsi har bayan azahar. A nan ne wani dattijo da ya fito daga ofishin ya gaya mini sabuwar dokar da aka kafa. Wai an kama masu hayar tsofaffin mata suna zuwa karɓar kuɗin matattu, saboda haka yanzu dole matar mamaci ta faɗi sunan mijinta da bakinta, ɗan rakiya kuma in ya yi ko tari an soke fayil ɗin.

Na duƙa kusa da ita na ce, "Gwaggo, don girman Allah, sau ɗaya tak. Malamai sun ce ba zunubi ba ne."

"Na ce maka zunubi ne? Bakina ne bai iya ba."

"Gonar fa?"

Sai ta kau da kai. Ta ci gaba da jan carbinta.

Aka kira mu. Jami'in matashi ne mai ɗan gemu, ya gaji tiɓis. Ya nuna mini bakin ƙofa ya ce in tsaya can in kama bakina. Ya buɗe takardarmu, ya ɗan ja hancinsa baya, ya dubi Gwaggo.

"Inna, mene ne sunan mijinki?"

"Mai Shebur."

"Sunansa na yanka, Inna."

"Ba ga shi nan a gabanka ba?"

"Yana nan. Daga bakinki nake so in ji."

Fanka tana juyawa, gumi na bin bayana. Ya ɗaga biro ya ce, "Inna, akwai mutane a waje. In ba ki san sunansa ba, zan rufe fayil."

Sai Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Ɗana, in tambaye ka. Yaushe za a yi ruwan farko a Durun?"

Ya ce, "Allahu a'alamu."

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Zamanin nan kowa ya zama malami. To, kakata ta wajen uwa, yaya sunanta?"

"Ina ni ina kakarki, Inna?"

Na ce a raina shi ke nan, tsohuwa ta ruɗe, gona ta tafi. Na jingina da ƙofa.

"To kajina nawa ne a gida?"

Jami'in ya buga biro a tebur. "Ban sani ba, Inna! Wallahi ban sani ba!"

"Yawwa! Allah ya yi maka albarka. Cire na gaba, cire na baya. Wanda ya rage a tsakiya, ka ɗan ja shi, shi ne."

Bawan Allah ya saki baki. Na ga leɓensa na motsi yana cirewa. Sai ya kifa kai a kan tebur yana dariya har da hawaye. Da ya ɗago ya ce, "Inna, na haya tun kafin su zauna suke faɗin sunan. Ke matarsa ce. Tsohuwata ma har gobe ba ta faɗin na babanmu." Ya jawo tawada ya kama babban yatsanta ta dangwala.

Doka ce a karanta wa mai karɓa abin da ya dangwala wa. Ya karanta da ƙarfi: Sani Durun, lebura, sashen gyaran hanya, ya yi aiki ba tare da laifi ba. Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Sake karantawa, ɗana. Kunnena ba ya ji sosai."

Ƙarya take, Allah ya gafarta mata, matar da ke jin motsin ɓera a rumbun maƙwabta. Shi ma jami'in ya gane. Ya daina dariya, ya sake karantawa a hankali. Ni dai na juya na fuskanci bango, don ba na so ta ga idona.

Kuɗin bai fito ba sai bayan mako biyar, mako biyar ɗin da na rame a cikinsu kamar mai jinya. Ranar da muka kai wa magada, hadari ya riga ya haɗo ta gabas. Gwaggo ta ƙirga musu da hannunta, ta sa suka sake ƙirgawa gaban dagaci, sannan ta ce in kai ta bakin rafi. Da muka isa iyakar gonar ta tsaya, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu.

Ta ce, "Salamu alaikum. Mun dawo."

Damina biyu ta noma ta, a ta uku aka yi shuka ba ita.

Ya Allah, ga baiwarka Hansai nan ta zo maka. Ka yafe mata rikicinta, ka yalwata mata makwanci, ka sada ta da mijinta a inda ba a jingina, ba a bin layi. Amin.