Kwandensar da ke Aljihun Hamma Bobbo

Duk wanda ya san Hamma Bobbo mai gyaran rediyo a Jimeta ya san abin da ke aljihunsa: wata tsohuwar kwandensa ta cikin rediyo da ya farke da reza. Ko a wurin suna ne sai ya warware ta a kan tabarma, fallen ƙarfe biyu irin na kwalin taba, da takarda a tsakaninsu, ya ce, "To, a nuna mini ƙofar da wuta yake bi."

Wannan tambaya ce ta cinye masa aikin gwamnati, kuma har yau abin yana ƙona mini rai. Tare muka zauna jarrabawar ɗaukar masu aikin lantarki, zamanin Jihar Arewa maso Gabas. Mai jarrabawar ya haɗa kwandensa da ƙwan fitila, ƙwai ya kama, ya ce mu rubuta cewa wuta ta ratsa ta. Na rubuta abina. Bobbo ya ɗaga hannu.

"Barkama, ranka ya daɗe, bai ratsa ba. Gefe ɗaya ne yake cika, ɗayan ya amsa."

"To me ya kunna ƙwan?"

"Kai za ka gaya mana, kai kake cin albashi."

Aka kayar da shi. Da shekara ta zagayo na roƙe shi har da durƙusawa ya rubuta abin da suke so, layi ɗaya ne fa, ga 'ya'ya biyar a gida. Ya ce shi ba ya shaidar abin da bai gani ba. Aka sake kayar da shi, wai bai san aiki ba. Bobbo fa! Mutumin da rediyon mai jarrabawar ma shi ke gyara masa.

Can bayan shekaru wani malamin kimiyya ya kawo gyara, shi ma aka warware masa kwandensar. Ya duba, ya ce, "Baba, gaskiyarka. Wutar da ke gudu a waya ba ta tsallakawa. Ƙarfin da ke tsakanin fallayen ne ke hawa da sauka, shi ma littafi wuta yake ce masa, don daidai yake da na wayar."

Na zaci Bobbo zai yi murna. Sai ya naɗe abarsa a hankali, ya ce, "Ashe yana cikin littafinsu. Wato ni aka kayar don su ba su karanta ba."

Ga ni nan ina cin fansho da amsar da ban taɓa ganewa ba. Kwandensar tana wurina, iyalinsa suka ba ni ranar sadakar ukun rasuwarsa. Allah ya jiƙan Hamma Bobbo, ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya yafe mini layin nan ɗaya.