Kwantaccen Cikin Tunkiyar Abatcha

Abatcha ya iso unguwarmu ta Kumbiya-Kumbiya da ke Gombe a shekarun da rikici ya tsananta a ƙasar Borno. Dogo ne, siriri, mai tsagar Barebari a fuska, kuma a lokacin shekarunsa sun haura hamsin. Bai zo da kaya ba. Matarsa Batul ce ke ɗauke da ƙullin tufafi, shi kuwa yana jaye da wata farar tunkiya irin Balami da guntuwar igiya shuɗiya wadda aka tauna bakinta. Mai unguwa ya samar musu ɗaki da ɗan fili a gidan da ke jikin nawa, saboda haka katanga ɗaya ce ta raba mu.

A gidan kiwo aka haife shi. Mahaifinsa ya gaji garken tumaki daga nasa mahaifin, kuma ba su taɓa sayo rago daga waje ba, daga cikin garken suke zaɓen wanda zai yi barbara. A zamanin Abatcha, babban ragon garken fari ne tas, sai wani tabo ruwan ƙasa a ƙeyarsa, kamar an dangwala masa tafin hannu. Ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyensu da hantsi, tsohon ya ƙi tashi ya bar dabbobinsa. Ya kwance tunkiya guda, ya miƙa wa Abatcha igiyarta, ya gaya masa cewa babban ragon ya hau ta a cikin makon nan, don haka garken duka yana cikin cikinta. Shi da Batul suka bi daji da ƙafa har suka fito bakin titi, wata motar kaya ta ɗauko su ta hanyar Biu. Daga ranar Abatcha bai sake jin labarin mahaifinsa ba, balle na garken.

A Gombe ya kama sana'ar sayar da harawa da dusa a gefen kasuwar dabbobi. Yakan fita bayan sallar asuba, ya dawo da la'asar. Tunkiyar, wadda mutanen unguwa suka sa wa suna Saura, takan yini tana yawo a lungu tare da awakin maƙwabta, domin babu makiyaya a cikin gari, kuma harawar da Abatcha ke sayarwa ta fi ƙarfin ya ciyar da ita da ita kullum.

Wata biyar tunkiya ke ɗauka kafin ta haihu. Wata biyar suka cika, Saura ba ta haihu ba, cikinta ma bai fito ba. Sai da shekara ta kusa zagayowa sannan kwiɓinta na hagu ya fara tasowa, a hankali, ya yi tauri. Abatcha ya yi murna ƙwarai. Ya bayyana mini cewa a garinsu tsofaffi sun san ciki yakan kwanta idan mace ta firgita, ya yi barci a cikinta har sai hankalinta ya dawo jikinta. Abin da ke samun mace, in ji shi, yana iya samun tunkiya, domin ita ma ta ji ƙarar bindiga, ita ma ta kwana a daji. Daga nan ya yanke hukuncin da ya riƙe da hannu biyu: babu ragon da zai kusance ta. Ɗan ragon mahaifinsa yana ciki, ba za a gurɓata shi da jinin ragon kasuwa ba. Duk lokacin da ya ga alamar tana neman rago, sai ya ɗaure ta a turke, ya rufe ƙofa.

Shekara ta biyu ta wuce, ta uku ta shiga. Cikin yana ƙara girma, Saura kuwa tana ƙara ramewa, har ƙasusuwan ƙugunta suka fito. Ta rage tuƙa. Takan tsaya a tsakiyar fili da rana tsaka, ba ta motsi, idanunta a kan ƙofa. Batul ta gaya wa maiɗakina cewa ba ta son zama ita kaɗai da tunkiyar bayan azahar, lokacin da unguwa ke yin tsit, domin idan Saura ta juya jiki akan ji wani sauti daga cikinta, kamar ana tafiya a kan busasshen ganye. Matan lungun suka daina aiken 'ya'yansu gidan. Akwai waɗanda suka ce ba ɗan rago ba ne a ciki, wani abu ne ya biyo su daga daji, ya sami wurin fakewa.

Dalhatu mahauci, mutumin Kano da ke da teburin nama a bakin lungu, ba ya barin Abatcha ya wuce lafiya.

"Baba Abatcha, yaushe ne sunan? Ko sai jaririn ya yi gemu zai fito?"

"Idan ya tashi za ka ji, Dalhatu. Kai dai ka nisanta wuƙarka da ƙofata."

Wata rana da la'asar Abatcha ya kira ni, ya ce in sa hannu a kwiɓin Saura. Na sa. Abin da na taɓa yana da tauri, yana da wani ɓangare zagayayye kamar kai, kuma da na danna sai ya goce a hankali, ya dawo mazauninsa. Na kara kunne, na ji sautin da Batul ta faɗa, siriri, yana zuwa yana ɗaukewa. Abatcha yana kallona yana murmushi, ya ce ɗan ragon ne ke juyi a cikin barci.

A farkon daminar wannan shekarar ne wasu masu bincike suka shigo unguwar. Aikinsu shi ne su gano dalilin da ya sa tumaki da awakin cikin gari ba sa haihuwa kamar na ƙauye, da kuma irin abincin da zai gyara hakan. Suna bi gida-gida da izinin mai unguwa. Sukan shafa gadon bayan dabba su ji kaurin namanta, su duba haƙoranta, su tambayi abin da take ci, sannan su ɗora mata wata ƙaramar na'ura mai nuna hoton ciki. Waɗanda suka yarda akan ba su haɗin dusa da angurya da kowar wake, su riƙa ƙara wa dabbar na wasu makonni kafin a haɗa ta da namiji, a ga ko za ta ɗauki ciki da wuri, ko ma ta yi tagwaye. Shugabarsu wata likitar dabbobi ce, Dakta Juliana, Batangala mai magana a hankali.

Abatcha da kansa ya gayyace su, domin ya ji cewa na'urar tana nuna abin da ke ciki, kuma yana ɗokin ganin ɗan ragon. Ya nemi in tsaya tare da shi. Dakta Juliana ta aske ɗan wuri a marar tunkiyar, ta shafa mai, ta daɗe tana zagayawa da na'urar. Daga nan ta koma kwiɓin hagu, ta danna da dunƙulen hannu, ta saurara. Ta nemi kujera, ta zauna daidai da shi, ta tambaye shi labarin tunkiyar tun daga farko, ya ba ta duka.

"Baba," in ji ta, "mahaifarta babu kowa. Abin da kake taɓawa a tumbinta yake, ba a mahaifa ba. Leda ce. Shekarun nan tana tsinta a lungu saboda yunwa, ba ta narkewa, ba ta fita."

Ta ƙara da cewa sun ga irin haka a gidaje da dama, ko da yake ba su ga wanda ya kai wannan girma ba. Ledar ta cika wurin abinci, shi ya sa take ramewa. Idan aka bar ta haka ba za ta ga ƙarshen damina ba. Idan aka yi mata tiyata aka fitar, tana iya rayuwa, tana kuma iya mutuwa a wurin aikin saboda rauninta. Idan ta rayu aka ciyar da ita yadda ya kamata, shekarunta za su iya ba ta haihuwa ɗaya ko biyu, amma fa sai an haɗa ta da rago.

Abatcha bai yi musu ba, bai kuma amince ba. Ya yi godiya, ya raka su ƙofa. Kwanakin da suka biyo baya bai je kasuwa ba. Ta saman katanga nakan hango shi zaune kusa da turke, tafin hannunsa a kan cikin. Ya san abin da ke gabansa sarai: idan ya hana, Saura za ta mutu da abin da ke cikinta, garken ya ƙare, idan ya yarda aka buɗe, zai ga da idonsa cewa abin da mahaifinsa ya damƙa masa ya daɗe da zubewa a hanyar daji. Batul ce ta yi masa maganar da ta motsa shi. Ta ce masa ita kanta Saura 'yar garken ce, jinin babban ragon yana jikinta tun kafin ya hau ta, kuma tsohon tunkiya ya ba shi a hannu, ba gawa ba. Washegari da safe Saura ta kasa miƙewa. Abatcha ya sa hula, ya tafi neman likita.

A tsakar gidan aka yi aikin, da hantsi, a kan tabarmar roba. Dakta Juliana ta yi mata allurar kashe zafi, ta tsaga kwiɓin, ta buɗe tumbin. Da farko ƙananan ledoji ta riƙa zarowa, baƙaƙe da farare, da tsumma, da zaren buhu. Daga baya ta sa hannu biyu ta ciro sauran a dunƙule, ta ajiye a cikin daro. Abin baƙi ƙirin ne, ya curu waje guda, yana da dunƙule a gaba kamar kai, da jiki, da wasu igiyoyi huɗu da suka sauko kamar ƙafafu a naɗe. Yana kwance a daron yana tururi, ledojin suna warwarewa da kansu, suna yin sautin nan da muka saba ji. Dalhatu, wanda ya shigo kallo, ya yi salati a hankali ya fita, shi da ya shekara da shekaru yana fiɗar dabbobi.

Likita ta ce motsin tumbi ne ke murɗa shara ta ɗauki siffa iri-iri. Ta tsaga tsakiyar dunƙulen domin ta ga abin da ya fara tara shi. A can ciki akwai guntuwar igiya shuɗiya. Abatcha ya gane ta. Rabin igiyar da mahaifinsa ya miƙa masa ce, wadda Saura ta taune a daji lokacin da babu abin ci.

Masu binciken sun so su tafi da dunƙulen su auna shi. Abatcha ya yarda su auna, su ɗauki hoto, amma ya roƙi a bar masa shi. Bayan sun tafi ya naɗe shi a tsohon buhu, ya haƙa rami a kusurwar fili, ya binne. Bai yi wata addu'a a fili ba, ya dai daɗe a tsaye.

Saura ta rayu. Batul ta riƙa dama mata ruwan dusa da ɗan kanwa har ɗinkin ya warke, sannan aka sa ta cikin tsarin ciyarwar masu binciken. Saura ba ta sake fita lungu ba. Bayan girbi namanta ya dawo, gashinta ya yi sheƙi. Dakta Juliana ta samo aron wani ragon Balami, fari tas babu tabo ko ɗaya, Abatcha ya duba shi daga kai har kofato, sannan ya buɗe ƙofa da hannunsa. Da aka sake ɗora na'urar bayan wasu makonni, ya ga wani ɗan abu yana harbawa a cikin hoton. Likita ta ce guda ɗaya ne.

Saura ta haihu ana tsakiyar zafin bazara, bayan sallar azahar. Mace ce. Da uwar ta gama lashe ta, gashin ya bushe, sai tabo ruwan ƙasa ya bayyana a ƙeyarta, faɗin tafin hannu. Da Dakta Juliana ta zo gani, ta bayyana cewa irin wannan alama takan ɓuya a jikin uwa ta fito a jikin 'ya, kuma tunda Saura daga garken take, babu abin mamaki. Abatcha ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, likita, Allah ya saka da alheri.

Akwai abin da bai gaya mata ba, wanda ni da Batul muka gani sau da yawa. Kullum da la'asar, kafin Saura ta bar 'yarta ta kama nono, sai ta taka zuwa kusurwar da aka yi binnen, ta sunkuyar da kai, ta yi irin gunjin nan mai taushi da tunkiya ke kiran ɗanta da shi. Takan jira. Sannan ta dawo ta tsaya, ta buɗe ƙafafu. 'Yar takan kama nonon dama, ba ta taɓa na hagu, amma idan Batul ta duba da magariba, sai ta tarar dukansu biyu sun saki, kamar an tsotse su.

Abatcha ya koma sayar da harawarsa. Tsufa ya ƙara sunkuyar da shi, ganinsa ya ragu, amma duk wanda ya sayi dusa a wurinsa sai ya ja masa kunne a kan sakin dabba a lungu. 'Yar tunkiyar ta girma, yanzu ita ma tana da ciki. Dalhatu ya daina tambayar ranar suna. Ita kuwa kusurwar, Batul takan share ko'ina a tsakar gidan ta bar ta, kuma Abatcha bai taɓa kafa turke a wurin ba.