Lakar Baraji da Rijiyar Babana

Rijiyar babana tana gindin kwazazzabon da ke gabas da ƙauyenmu, a kan hanyar Tawa zuwa Barmu. Shi ya gina ta tun ban zo duniya ba, ya jere ta da duwatsu daga ƙasa har baki, kuma duk kwarin nan babu ruwa mai daɗin nata. Da ita yake ban ruwan albasa da rani, daga cikinta rabin ƙauye ke sha. In yana hira ya ce "rijiyata", sai ka ɗauka ɗansa na fari yake nufi. Mu ƴaƴansa mun san matsayinmu, bayanta muke.

Ƴan shekaru bayan ƙasarmu ta samu ƴancin kai, wani kamfani ya zo yana tonon duwatsu a kan tudu, aka ce taki za a yi da su. Duwatsun suna fitowa da laka a jiki, sai an wanke su kafin a zuba a kamiyo, wato babbar motar kaya. Don kada dagwalon ya malala cikin kwari, sai suka tare bakin kwazazzabon da katangar ƙasa, suka kira ta baraji. In tabon da ke bayanta ya cika, sai su kwashi wanda ya bushe su ƙara mata tsawo da shi. Kafin a ankara ta fi kan mutum biyu, tana tsaye daidai saman rijiyar.

Da hukuma ta shigo maganar, an kafa doka biyu. A riƙa share mafitar ruwa da ke gefen baraji kafin damina, sannan kada kowa ya taɓa ƙasar jikinsa. Aka kafa allo da Faransanci, wanda awaki suka fi mu amfana da shi, don suna soshe jiki da sandarsa. Aka kuma ɗauki mai gadi, aka ba shi hula da usur. Mai gadin nan mijina ne, muna da ɗa ɗaya lokacin, na yi murna ƙwarai.

Abin da masu doka ba su sani ba shi ne babana magini ne. Rumbunan yankinmu na Adar manya ne, wani ya fi ɗakin amarya, kuma duk wanda ke son rumbun da zai bar wa jikoki, babana yake kira. Ranar da ya murza lakar baraji tsakanin yatsunsa, ya ji ba tsakuwa ba yashi, tana da laushi kamar ƙullun koko, shi ke nan magana ta ƙare. Tabon ciki ba ya shiguwa, mutum zai nutse har ƙugu. Amma ta waje, a gindin katangar, ƙasar a bushe take, kuma jaki yana iya tsayawa dab da ita. Nan ya kafa diga.

A wurinmu suruki ba abin wasa ba ne. In mijina ya hango babana tafe, sai ya saki hanya ya bi ta ƙaya. In ba mafita, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya yi gaisuwa can cikin maƙoshi. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya shan ruwa, balle ya hura masa usur. Don haka duk safiyar da babana ya iso da jakinsa, sai mai gadi ya tuna yana da aiki a wajen mafitar ruwa, can ɗaya gefen. Ina jin a duk ƙasar nan ba a taɓa share wata mafitar ruwa kamar tamu ba.

Mutane kuwa ba wawaye ba ne. Wanda ya zo shi kaɗai, mijina yana korarsa, har ya taɓa ƙwace wa wani kwando. Sai suka koyi jiran tsoho a bakin gari. In ya wuce, su bi bayansa da jakuna da mangaloli, ya zama kamar madugu. A rani ɗaya ƙauyenmu ya yi fes, ɗakuna da rumbuna duk sun sha sabon yaɓe, har masu zuwa daga Kalfu suna tambayar inda muke samun ƙasa.

Ni na fara ganin abin, don ni ke zuwa rijiya kullum. Gindin katangar ya yi ramuka, wani har yaro zai iya kwanciya ciki, kuma ƙasan ɗaya daga ciki yana da danshi alhali ko gajimare ba a gani ba. Na dawo na sauke tulu na tsare mijina.

"Malam, an ba ka usur ko an ba ka ado?"

"Ke dai bari," ya ce. "Kina so a ce na yi ma surukina tsawa gaban mutane? Da wane ido ni ka duban gari?"

"To in ta ɓalle hwa?"

"Ina dabara."

Dabarar tasa ita ce, da yamma in kowa ya watse, ya kwaso yashi da duwatsu daga ƙorama ya cike ramukan, ya shafe su da ɗanyar laka, ya daddaɓe da tafin hannu. Shi kaɗai yake wannan aiki, har bayansa ya fara ciwo. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don ko ni da ban taɓa gini ba na san yashi ba ya riƙe ruwa.

Ni ce auta, bakina ba shi da linzami a gidanmu, saboda haka na tafi wurin babana da kaina. Na same shi yana kwaɓa ƙasa da ƙafa.

"Baba, ƙasag ga da kake ɗiba, ita ka riƙe da tabon da ke bisa rijiyakka."

Ko tsayawa bai yi ba. "Ƙasa ta Allah ta. Yaushe anka hwara hana mutum ƙasa? Kuma ni za ki hwaɗa ma gini? Katangag ga kaurinta ya hi gidanmu. In da matsala, ai mijinki shi ka gadi, da ya hwaɗi."

Na je wurin mai gari, ya saurare ni da kyau, ya ce za a duba. Yana jingine da sabon rumbunsa yake maganar, na kalli launin yaɓen na san ba za a duba ba.

Gab da damina mai duba baraji ya zo daga Tawa a mota. Saurayi ne mai natsuwa, ya yi aikinsa yadda aka koya masa. Ya hau katangar ya taka ta daga wannan gefe zuwa wancan, ya ga mafitar ruwa tsaf ya yaba, ya sauko ya zaga gindi ya ga sumul, ko tsaga babu. Sannan ya juyo ga mijina, gaban dattawan da suka zo tarbarsa, ya tambaye shi ko akwai masu taɓa ƙasar. Babana yana tsaye a cikinsu. Mijina ya dubi yatsun ƙafarsa ya ce, "Lahiya lau." Mu mata muna can nesa ƙarƙashin gawo, sai daga baya na ji yadda aka yi.

Katangar ta ɓalle tsakiyar damina, bayan ruwan kwana da kwanaki, ranar kasuwar Barmu da hantsi. Allah ya taƙaita, kwarin babu kowa. Daga gida na ji ƙara kamar an zazzage buhunan hatsi, muka fito a guje. Ba ta sama ta zubo ba, ta gindi ta huje, daidai inda aka cike da yashi. Tabo fari-fari ya shafe lambun albasar babana ya wuce, ko bakin rijiyar ba a gani. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ɓoye ba.

Hukuma ta rufe wurin wankin, aka karɓe hula da usur, kamfanin ya kwashe kayansa. Da kaka ta wuce, tabon ya bushe, babana ya nemo bakin rijiyarsa da sanda ya fara yasa. Washegari mijina ya je ba wanda ya kira shi, ya tuɓe takalmi, ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga. Haka suka yi ranin nan, ɗaya a ƙasa yana cika guga, ɗaya a sama yana ja, ba mai ce wa wani uffan. In akwai magana, ni ake faɗa wa in isar.

Ina wurin ranar da suka kai ga ruwa. Babana ya jawo gugan, ya bari ruwan ya kwanta, ya kamfata da hannu ya kurɓa. Ya riƙe a baki, sannan ya juya ya tofar. Na ɗanɗana ni ma, ɗaci da bauri, harshe har yana kamewa. Suka ƙara kwanaki suna kwarfewa ko zai sake, bai sake ba, ko jaki ya shinshina sai ya kau da kai.

Ranar ƙarshe babana ya daɗe zaune a bakin rijiyar, mijina yana ciki yana jiran guga. Can ya ce da ni, ƙasa-ƙasa, "Yaron ga, mi ya sa bai hana ni ba?"

Na ce, "Baba, da ya hana ka gaban mutane, mi za ka yi?"

Babana ba ya ƙarya ko a kan kansa.

"Da na amshe ki daga gidanshi," ya ce. Ya leƙa cikin rijiyar, ya miƙo mini igiya. "Ce mishi shi hito, ya isa hakanan."