Gahawar da Ta Huce a Hannun Baba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai "kai" ko "wancan yaron", bai kuma taɓa kai loma baki ina kallo ba. Kunya ce, in ji manya. Da ya zo Umara, ni kuwa na daɗe ina aiki a wani kantin magani a Madina, sai na ce to, nan dai babu idon dangi. Na roƙi hutun yini, na shirya in zaga da shi gonakin dabino na bayan gari, mu ɗanɗana abin shan mutanen nan. Burina bai wuce in zauna da ubana a tabarma ɗaya mu sha wani abu tare ba, ko da ruwa ne.

Da safe na je masaukinsu, sai ga shi ya fito da abokin tafiyarsa, wani Alhaji mai tumbi da surutu. Baba ya tura shi kujerar gaban motar, shi ya shige baya. Tun daga nan raina ya fara ɓaci.

A gonar farko, can wajen Aƙiƙ, aka kawo shayi mai na'ana, ƙamshinsa har cikin ka. Alhaji ya sha yana lumshe ido. Baba ya karɓa, ya yi godiya, ya riƙe kofin yana ba Alhaji labarin ban ruwa a fadamarmu. A ta biyu nonon raƙumi ne, da ɗuminsa da kumfarsa. Alhaji ya shanye nasa, ya taya Baba da nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ni ke tuƙi cikin rana, Alhaji na ta gyatsa.

Ta uku tana gaba da Bi'ir Ali. Mai gonar jikan mahajjata ne da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna, Hausarsa ta sha Larabci. Babban ɗansa na jingine da kafaɗarsa, suna tsoma dabino a kwano ɗaya, suna tsokanar juna. Na kalle su har kishi ya kama ni, ban ji kunyar faɗa ba.

Mai gonar ya zuba wa Baba gahawa a ɗan finjali. Ta huce a hannunsa.

"Ya ammi, tafaddal, bismillah baffa," in ji mai gonar. "Gahawarmu ba ta yi ba ne? Wallahi aibu ne baƙo ya bar finjali bai sha ba."

"Ta yi, ɗana, ta yi," in ji Baba.

Ɗana! Mutumin da ya haɗu da shi yanzun nan. Na kasa haɗiyewa, na ce, "Baba, nan fa Madina ce. Babu wanda ya san mu. Don Allah ku sha."

Bai dube ni ba. Ya juya wajen Alhaji ya ce, "Gaya masa rana ta yi, mu kama hanya."

A hanya na tsaya na sayi sobiya mai sanyi roba biyu, farar nan mai kama da kunun zaƙi, na ba Alhaji ɗaya, na miƙa wa Baba ɗaya a baya. Tsoho ne, ya wuni cikin zafin nan maƙogwaro a bushe, kuma ni na jawo masa. Alhaji ya shanye tasa, barci ya kwashe shi.

Can na ji ƙarar murfi. Na ɗaga ido, a madubi na ga Baba ya kafa kai yana sha da sauri. Idonmu ya haɗu. Ya sauke robar, ya juya yana kallon duwatsu.

Haushi ya cika ni har wuya. Duk da haka na sa hannu na karkatar da madubin sama, na tuƙa har cikin gari ban ga abin da ke bayana ba. Ina dai jin sa yana haɗiya.