Ɗaki Biyu a Kwamfutar Malam Badruddeen

A layin masu gyaran keken ɗinki da ke Gwallaga akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. An rubuta "Badar Mai Hoto" a samanta, amma fentin ya koɗe, sai wanda ya san wurin ne zai iya karantawa. Mai shagon shi ne Malam Badruddeen, dogo siriri, shekarunsa sittin da bakwai. Duk wanda ya tashi a unguwar ya san muryarsa kafin ya san fuskarsa, domin a gidan suna ko wurin ɗaurin aure ita ake fara ji daga bayan taro: a matso, a ɗaga haɓa, Alhaji a fitar da hannu daga aljihu. Ba ya ɗaga murya, amma babba da yaro bin ta suke yi.

Ya fara sana'ar tun zamanin fim, lokacin da sai ya tara aikin mako ya ba direban Jos ya kai a wanko. Da kyamarar zamani ta shigo bai tsaya gardama da ita ba kamar wasu abokan sana'arsa. A shekarar 2010 ya sayi kwamfutar tebur ta gwanjo. Wanda ya sayar masa ya nuna masa wurare biyu a jikin allo, ɗaya C ɗaya D, ya ce ya ɗauke su kamar ɗaki biyu. C falo ne, nan ake aiki, nan kuma matsala ke shiga. D ƙuryar ɗaki ce, ko an goge kwamfutar an sake zuba mata manhaja, abin da ke ciki ba ya taɓuwa. Maganar ta zauna masa, kuma sau biyu ta tabbata a idonsa: kwamfutar ta rikice, aka goge C tas, ya buɗe D ya tarar da komai yadda ya bar shi.

Daga nan ya kafa wa kansa doka. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, kafin ya ci abinci, zai kwafe aikin makon daga C zuwa D, ya bar ɗaya a nan ɗaya a can. Shekara, sai unguwa, sai sunan mai gida, haka ya jera su. Shekara goma sha huɗu bai tsallake Juma'a ba sai wadda ya kwana a asibiti wajen jinyar matarsa Bilkisu.

Da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa, gayyata ta ragu, sannan ta tsaya. Masu zuwa shagon suka koma kashi biyu: masu neman fasfo na gaggawa, da waɗanda aka yi wa rasuwa. Su na biyun su ne suka riƙe sunansa a gari. Mutum zai zo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce mahaifinsa ya rasu, an ce Malam ne ya ɗauki bikin yayarsa shekarun baya. Malam Badruddeen zai tambayi unguwa da shekara, ya juya ga allo, kafin mutumin ya gama zama fuskar ubansa ta bayyana. Bai taɓa ce wa kowa babu ba. Ba ya faɗin haka da bakinsa, amma ya san ana faɗa, kuma yana jin daɗi.

Bilkisu ta rasu shekara uku da suka wuce. 'Ya'yansu biyu mata ne, Zubaida tana aure a Gombe, Yasmin tana Kaduna. Bayan sadakar arba'in suka raba tsofaffin albam na zamanin fim, kowacce ta tafi da nata, bai hana su ba. Hotunan gidansa na bayan zuwan kwamfuta kuwa bai taɓa wanke ko ɗaya ba. Ya wanke wa rabin Bauchi, nasa yana cewa ai suna nan, wata rana. Suna cikin wata folda da ya sa wa suna "Gida". Tunda gidan ya zama shi kaɗai, ya daina komawa cin abincin rana. Yakan sayi masa ya ci a shago, in la'asar ta yi layin ya yi shiru sai ƙarar keken ɗinki daga nesa, ya buɗe foldar. Bilkisu tana tsince shinkafa. Bilkisu ta kare fuska da murfin tukunya don kada ya ɗauke ta. Yakan duba biyar ko shida ya rufe.

Wata Talata da hantsi, babu wuta, yana zaune a benci a waje, wata mata ta yi sallama. Habibatu ce, matar Hammawa, wani Bafulatani dillalin shanu da ya zauna a Dutsen Tanshi. Kwanan nan ta fita takaba. Ba ta kama sunan mijinta ba, ba ta taɓa kamawa ba tun yana raye, baban su Hafiza take cewa. Ta ce mutumin ya ƙi hoto duk rayuwarsa. Wanda ke jikin katin zaɓensa ya goge, kuma ko da bai goge ba ba shi ba ne, ya yi kama da wanda aka kama. Autansu Nasiruddeen ya fara ce mata yana manta yadda babansa yake dariya. Ta tuna Malam ne ya ɗauki sunan yaron, ko Allah ya sa kyamara ta tsince shi a wani gefe.

Malam Badruddeen ya tuna ranar sarai. Ya bi Hammawa da kyamara har bayan gida, shi kuma yana kaucewa yana cewa a ɗauki ragon, ya fi shi kyau. Can wajen ƙarshe, ana ɗaukar kawunnan jariri, sai ga shi ya faɗo a gefen hoto, riƙe da igiyar rago, baki buɗe yana dariya. Ba a zaɓi hoton cikin waɗanda aka wanke ba, don an ce ya ɓata layi.

"Yana nan, maman Nasiru," ya ce. "Ki dawo ran Asabar."

Ta tambaye shi ko ya tabbata, don ba ta so ta faɗa wa yaron abin da ba zai samu ba. Ya ce ta je ta faɗa masa.

Laraba aka kawo wuta. Ya danna maɓalli, fankar ciki ta tashi, sai wani sauti ya biyo baya, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. Allon ya tsaya baƙi da wani ɗan farin rubutu a sama. Gaskiya kwamfutar ta daɗe tana ba shi alama. Wata uku ke nan tana nauyin buɗewa, wani lokaci ta sandare a tsakiyar aiki, shi kuma yana ɗora laifin a kan zafi da ƙarancin wuta. Ya canza wayar wuta. Ya kwance murfin gefe ya hure ƙura da famfon keke. Bashir mai cajin waya na kusa da shi ya ce a kashe a kunna, haka ake yi wa kowace na'ura. Ya kashe ya kunna ya fi sau ashirin. Bai tashi hankalinsa ba. Falo ne ya lalace, ya gaya wa Bashir, an saba.

Ran Alhamis ya naɗe akwatin kwamfutar da tsohon zani, ya tari keke, ya rungume ta a cinya har Yelwa. Can akwai wani mai gyara, Joel, mutum mai kimanin shekara hamsin, mai ƙiba da yawan barkwanci, wanda malaman jami'a ke kai wa nasu. Joel ya yaye zanin ya ja da baya.

"Baba, wannan ai kakar kwamfuta ce. Zaɓe nawa ta gani?"

"Ta girmi shagonka. Goge mini ita kawai ka sake zubi, ina da alkawari jibi."

Joel ya jona ta, ya kara kunne a jikin akwatin. Sauti uku ya ji ya fizge wayar daga bango. Ya tambayi sau nawa aka kunna ta tun da ta fara wannan kukan. Da ya ji amsa sai ya dafe kai. Ya ce faifan ajiya ne ke mutuwa, allurar da ke karanta shi ce take dukansa, kowace kunnawa tana ƙara cin abin da ke ciki. Sannan ya tambayi inda kwafin yake. Malam Badruddeen ya ce yana D, kowace Juma'a yake kaiwa.

Joel ya juyo da akwatin. Ya ɗauki sukundireba ya kwance ƙusoshi huɗu, ya zaro wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya ajiye a gabansa.

"Baba, nuna mini D."

Malam Badruddeen ya leƙa cikin akwatin yana neman na biyu. Wayoyi ne kawai da ƙura.

"Shi ke nan, guda ɗaya ne," in ji Joel. "Ɗaki ɗaya aka raba maka da labule. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, in gogewa ce D na tsira. Amma yau rufin ne ya faɗo."

Joel ya faɗa daga baya cewa dattijon bai yi salati da ƙarfi ba, bai zargi kowa ba. Ya dai zauna a kan kujerar roba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana kallon ƙarfen.

Joel ya ce ba zai yi alkawari ba. Zai jona faifan a jikin tasa kwamfutar, ya sa masa fanka. Irin wannan wani lokaci yakan farfaɗo na 'yan mintoci, wani lokaci ko motsi ba ya yi. In ya farfaɗo babu lokacin duba hoto, sai dai a fizgi abin da aka fi so a gudu. Karo na farko ƙas ƙas ɗin ne kawai. Na biyu haka. A na uku sautin ya lafa, sai ga jerin shekarun sun fito a allo, da "Gida" a ƙasansu.

"Faɗi ɗaya, Baba. Maza."

Malam Badruddeen ya dubi "Gida", ya mayar da ido kan shekarun. Joel yana riƙe da linzamin kwamfutar, yana kallonsa.

"Dubu biyu da sha biyu. Dutsen Tanshi. Hammawa."

Foldar ta ɗauki lokaci kafin ta buɗe. Hotunan ciki suna da yawa, Joel ya ce ba za su samu duka ba. Malam Badruddeen ya rufe ido ya ce na ƙarshe-ƙarshe ne, bayan an gama da mata, kafin a yanka rago. Joel ya ja ashirin na ƙarshe. Koren layin da ke nuna tafiyar kwafi ya riƙa jan ciki, ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa. Wata ɗaliba ta leƙo da kwamfutarta, Joel ya ɗaga mata hannu ta koma. Da layin ya kai ƙarshe ya ce sai me.

"Gida."

Joel ya danna. Sunayen hotunan suka fara jerowa, sai ƙas ɗin ya dawo, da wani sabon sauti kamar ana jan ƙusa a kan kwano, allon ya goge. Ya sake gwadawa sau biyu, faifan bai ƙara amsawa ba. Ya ce akwai masu buɗe irinsa a Legas, amma da wannan karcewar da suka ji, shi dai ba zai sa masa rai ba. Ya tambayi abin da ke cikin "Gida".

"Hotuna ne," in ji Malam Badruddeen.

Joel bai ƙara tsokanarsa ba. Cikin ashirin ɗin sha ɗaya ne suka buɗe. Na Hammawa yana ciki, amma bai zo cikakke ba: daga hula zuwa ƙirji lafiya lau, daga nan zuwa ƙasa toka-toka ne, babu igiya babu rago. Dariyar dai tana nan. Joel ya yanke gefen kawunnan, ya ƙara girman fuskar, ya zuba masa a filashi biyu, ya ce kada ya ajiye su a aljihu ɗaya.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci ya buɗe shago ya zauna. Teburin babu komai sai allo da wayoyi a kwance. Ya ɗauki waya zai kira Zubaida ya tambaye ta ko tana da hoton mamarta na shekarun baya-bayan nan, sai ya tuna tambayar da za ta biyo baya, ya ajiye. Ya tafi wani shago a Wunti ya wanke hoton Hammawa, kwafi huɗu.

Habibatu ta zo ran Asabar da hantsi. Ya miƙa mata ambulan, ya ba ta haƙuri cewa ƙasan hoton ya lalace. Ta zaro ɗaya ta riƙe da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ja gefen hijabi ta rufe baki.

"Shi ne," ta ce. "Har da haƙorin nan da saniya ta karya masa."

Ta lura guda huɗu ne, ta ce ɗaya ya ishe su. Ta miƙo masa sauran, ta ce ya ajiye a wurinsa, kowa ya san abin da aka ba Malam ba ya ɓata, gidansu kuwa ga yara ga ɗigar ruwa.

Bai karɓa ba. Ya ce ta riƙe ɗaya, ta ba Nasiru ɗaya, ta kai wa Hafiza ɗaya gidan mijinta, na huɗun ta aika wa 'yan'uwansa a ruga. Ya ce ta sa Hafiza ta ɗauke shi a waya ta tura wa duk wanda ya san marigayin.

"A wurina kuma fa, maman Nasiru, babu sauran komai. In kin ji wani zai zo neman nasa, ki faɗa masa kada ya sha wahalar hanya."

Ta dube shi, ta dubi teburin da ke bayansa. Ta ce Allah ya mayar da alheri, ya ce amin. Ta mayar da hotunan cikin ambulan a hankali, ta sa a cikin hijabi, sannan ta yi sallama. Ya raka ta da ido har ta tari keke a bakin titi, ya koma ciki ya fara naɗe wayoyin da ke kan tebur ɗaya bayan ɗaya.